Ganau, Jiyau da Mai Riƙe da Kyamara

Da hantsin ranar Litinin, 18 ga Agusta, 1969, Jimi Hendrix ya hau dandamali a wata gonar kiwon shanu da ke Bethel, cikin jihar New York ta Amurka, domin rufe bikin kaɗe-kaɗen da duniya ta sani da sunan Woodstock. An tsara ya yi wasansa tun daren Lahadi, amma ruwan sama da jinkiri suka ja abin har gari ya waye. Kafin ya ɗora hannu a kan jitarsa, mafi yawan mutane kimanin dubu 400 da suka yi dafifi a wurin sun riga sun naɗe shimfiɗunsu sun kama hanyar gida, domin Litinin ranar aiki ce. Abin da ya rage a gabansa ɗan kaso ne na jama'ar, sai fili mai cike da taɓo da shara. A gaban waɗannan ne ya kaɗa taken ƙasar Amurka da jita mai lantarki, yana murɗa sautin har ya koma tamkar rugugin jiragen yaƙi da faɗuwar bama-bamai, a daidai lokacin da ƙasarsa ta yi tsundum cikin yaƙin Biyetnam.

Yau idan aka ambaci Woodstock, waɗannan 'yan mintoci ne ke fara faɗowa mutane a rai. An yi rubuce-rubuce a kansu ba iyaka, an mai da su alamar zamani guda. Sai dai galibin waɗanda suka je bikin da ƙafarsu ba su shaida su ba. A gidan silima suka gan su kamar kowa, bayan wata bakwai, lokacin da fim ɗin bikin ya fito a watan Maris na 1970.

Bahaushe ya raba masu ba da labari gida biyu, ganau da jiyau, ya kuma fifita na farko a kan na biyu, har ya ce gani ya kori ji. A tarihin kiɗan rock da na soul akwai mutum na uku da ya fi su duka biyun iko, wato mai riƙe da kyamara, a bayansa kuma akwai wanda ya biya kuɗin aikin, ya yanke shawarar abin da za a kai kasuwa da abin da za a jefa a sito. Jerin sunayen da mujallu ke fitarwa lokaci zuwa lokaci na wasannin da suka fi kowanne ƙayatarwa a tarihi, idan aka dube shi da idon basira, jeri ne na wasannin da aka ɗauka, aka tace, aka kuma sami kamfanin da ya hango riba a cikinsu. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin daga wannan jerin ne ake raba suna da daraja, daga nan kuma kuɗi ke biyowa zuwa ga mawaƙa da magadansu.

Woodstock kansa ya isa hujja. Waɗanda suka shirya shi sun tashi da bashi a wuyansu, saboda jama'a sun fi ƙarfin shinge, aka ƙyale kowa ya shiga kyauta. Fim ɗin da Michael Wadleigh ya jagoranta, wanda kamfanin Warner ya rarraba, da faya-fayen da suka biyo bayansa, su ne suka fitar da su kunya a hankali. Fim ɗin ya haura awa uku, ya ci lambar yabo ta Oscar, ya kuma naɗa sarautu yadda ya ga dama. Carlos Santana da ƙungiyarsa sun je bikin faifansu na farko bai ma shiga kasuwa ba, ba kowa ya san su ba a wajen birnin San Francisco. Yadda kyamara ta kama su cikin zafin kiɗa, ɗan saurayin mai bugun gangarsu yana zuba gumi, ya kai sunansu inda ƙafarsu ba ta taka ba. A gefe guda kuma ga Creedence Clearwater Revival, wadda a 1969 tana cikin ƙungiyoyin da suka fi tashe a duk Amurka. Ta yi wasa a Woodstock cikin tsakar dare, amma jagoranta John Fogerty bai gamsu da wasan ba, ya hana a saka su a fim. Sakamakon haka, shekaru da dama mutane da yawa ba su ma san ta halarta ba. Janis Joplin da ƙungiyar The Band su ma ba su fito a fim ɗin farko ba.

Wanda ke ganin yawan jama'a ne ya ɗaukaka Woodstock sai ya tuna da Watkins Glen. A ranar 28 ga Yuli, 1973, a cikin jihar New York ɗin dai, mutanen da aka ƙiyasta sun kai dubu 600 suka taru domin sauraron Grateful Dead da The Band da Allman Brothers. Sun fi na Woodstock yawa nesa ba kusa ba. Ba a fitar da fim ɗinsa a silima ba, shi ya sa a yau sai wanda ya nutsa cikin tarihin kiɗan ne ke iya kawo sunan wurin.

Wannan duk tsakanin makaɗan rock ne, waɗanda galibinsu fararen fata ne, su da masu sauraronsu. Inda gizo ke saƙar shi ne unguwar Harlem, matattarar baƙaƙen fata a birnin New York, tazarar kilomita kusan 160 daga gonar Bethel. A wannan damina ta 1969, daga 29 ga Yuni zuwa 24 ga Agusta, an yi wasanni a ranakun Lahadi shida a dandalin shaƙatawa na Mount Morris, wanda yanzu ake kira da sunan Marcus Garvey. Wani mawaƙi mai suna Tony Lawrence ne ya shirya, da goyon bayan magajin gari John Lindsay da kuɗin kamfanin gahawa na Maxwell House. Shiga kyauta ce, kuma jimillar mahalarta ta kai wajen dubu 300. Stevie Wonder, yana ɗan shekara 19, ya zauna ya bugi ganguna da kansa. B.B. King ya zo, Nina Simone ta zo, haka Gladys Knight da Hugh Masekela na Afirka ta Kudu. Sly and the Family Stone sun yi wasa a nan, sannan bayan 'yan makonni suka yi a Woodstock, ga su nan a fim ɗin 1970 kowa na gani.

Wata Lahadi daga ciki ta fi ƙarfin a kira ta nishaɗi. Wata goma sha biyar ke nan da kashe Martin Luther King, raunin bai warke ba. Mahalia Jackson, uwar mawaƙan majami'a ta zamaninta, ta ja Mavis Staples kusa da ita suka rera waƙar addu'ar nan da King ya fi so, wadda Mahalia ta rera a jana'izarsa. Mai jagorantar makaɗan ranar shi ne Ben Branch, mutumin da King ya roƙa ya kaɗa masa wannan waƙa 'yan daƙiƙu kafin harsashi ya same shi a Memphis. A wata Lahadin kuma, 20 ga Yuli, ranar da ɗan Adam ya fara taka duniyar wata, ɗan jarida ya zagaya cikin taron yana neman ra'ayi, mutane suka riƙa gaya masa cewa da an kashe kuɗin a kan masu fama da yunwa a Harlem da ya fi.

An ɗauki duk wannan. Hal Tulchin, ƙwararren mai aikin talabijin, ya naɗi kusan awa 40 da kyamarori masu launi. An nuna wasu sassa a talabijin a shekarar, daga nan ƙura ta lafa. Tulchin ya yi ta yawo da kayansa yana neman mai saye, har ya laƙaba wa bikin sunan Woodstock na baƙaƙen fata ko Allah zai sa ya shiga, ba wanda ya taya. Kasa-kasan suka koma ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidansa. Ya rasu a 2017. Sai a 2021 makaɗin nan Questlove ya fitar da fim daga cikinsu mai suna Summer of Soul, wanda shi ma ya ci Oscar a 2022, shekara 51 bayan na Woodstock. A cikin fim ɗin akwai wani dattijo da ya halarci bikin yana ɗan yaro. Da aka nuna masa hotunan sai hawaye suka zubo masa, yana cewa yanzu ya tabbata ba mafarki ya yi ba. Ga ganau ke nan da ya kai ga shakkar idonsa, saboda rabin ƙarni ba wanda ya gaskata masa abin da ya gani.

Asarar irin wannan ta fi yi wa soul ciwo fiye da rock, saboda yadda aka gina shi. Kiɗa ne da ya fito daga majami'un baƙaƙen fata a shekarun 1950, lokacin da irin su Ray Charles da Sam Cooke suka ɗauko salon waƙar ibada suka ɗora masa kalaman soyayya da na zaman duniya. Ginshiƙinsa jagora da amshi. Wanda ya taɓa sauraron kaset ɗin Mamman Shata da aka ɗauka a filin wasa, inda guɗa da ihun jama'a ke ƙara wa makaɗi ƙaimi, ya san ba ɗaya yake da wanda aka ɗauka a ɗakin rediyo ba. A soul, jama'ar da ke gaban dandamali su ne rabin 'yan amshi. Mawaƙi yakan jefa kalma ya dakata, mata su mayar masa da kururuwa, ya sake jefawa, ya ja baiti guda har minti goma idan ya ga wuri ya ɗauki zafi. Faifan ɗakin ɗaukar sauti mai minti uku inuwar wannan ce kawai.

James Brown ya fahimci haka tun da wuri. Ya nemi mai kamfanin King Records, Syd Nathan, ya ɗauki wasansa kai-tsaye a gaban jama'a, Nathan ya ƙi, a ganinsa ba mai sayen waƙoƙin da ya riga ya mallaka. Brown ya zaro kuɗi daga aljihunsa ya biya aka ɗauki wasansa na ranar 24 ga Oktoba, 1962, a zauren Apollo na Harlem, a makon da duniya ke zaman ɗar-ɗar saboda rikicin makamai masu linzami na Kuba. Faifan ya fito a 1963, ya kai mataki na biyu a jadawalin cinikin faya-fayai na Amurka, ya yi mako 66 a kai. Da Brown ba mai taurin kai ba ne, da kuma ba shi da abin biya, da wannan dare ya bi sahun dubban darare irinsa da aka yi a Apollo ba wanda ya ajiye ko tari daga cikinsu.

Sam Cooke bai yi wannan sa'a ba. Bayan wasan Brown da ƙasa da wata uku, a ranar 12 ga Janairu, 1963, kamfanin RCA ya ɗauki wasansa a wani gidan rawa na baƙaƙen fata mai suna Harlem Square Club a birnin Miami. Cooke ɗin da ke cikin wannan ɗauka daban yake da wanda fararen Amurka suka sani a talabijin cikin kwat, mai tattausar murya: muryarsa ta dushe, yana wa'azi, yana zolayar jama'a, suna mayar masa. Manyan kamfanin suka saurara suka ga abin ya yi ɗanye da yawa, zai ɓata siffar da suke tallata shi da ita, suka kulle shi. A maimakonsa, a 1964, aka fitar da wasan da ya yi a Copacabana, gidan cin abincin masu hannu da shuni a New York, inda ya yi waƙa cikin ladabi irin na baƙo a gidan surukai. A watan Disamba na wannan shekara aka harbe shi a Los Angeles. Faifan Miami bai fito ba sai 1985. Shekara 22 duniya tana yi wa mutum hukunci da fuskar da ya nuna wa baƙi, ta gida kuwa tana kulle a sito, alhali yau masana da dama na lissafa wannan faifai cikin mafi kyawun wasannin kai-tsaye da aka taɓa ɗauka.

Ko inda kyamara ta yi wa mawaƙin soul adalci, takan zo da nata son rai. Littattafai sukan ce Otis Redding ya ɓullo ne a bikin Monterey na Kaliforniya, daren 17 ga Yuni, 1967, inda ya rikita taron matasa fararen fata, D.A. Pennebaker kuma ya ɗauke shi. Wasan ya cancanci duk yabon da ake yi masa, ga shi kuma mutuwa ta ƙara masa nauyi, domin bayan wata shida jirgin da ke ɗauke da Redding ya faɗa wani tafki a jihar Wisconsin, ya rasu yana da shekara 26. Amma kalmar ɓullowa tana da ban mamaki a kan mutumin da ya shafe shekaru yana cika Apollo da gidajen rawa na kudancin Amurka, ya kuma zagaya Turai a farkon wannan shekarar. Waɗanda suka san shi tun 1962 ba a lissafa su a matsayin shaidu ba. Ranar da ya tsaya a gaban masu sayen da kasuwa ta fi damuwa da su ce aka rubuta a matsayin ranar haihuwarsa.

Akwai masu cewa an cika ɗora wa wariyar launin fata laifin da ba nata ba, kuma maganarsu ba ta rasa makama. A watan Janairun 1972, Aretha Franklin ta yi dare biyu tana rera waƙoƙin ibada a wata majami'a a Los Angeles tare da James Cleveland, har Mick Jagger na Rolling Stones ya laɓe a sahun baya yana tafi. Faifan, Amazing Grace, ya sayu fiye da miliyan biyu. Warner ya turo babban darakta, Sydney Pollack, ya ɗauki fim, sai dai ma'aikatansa ba su yi amfani da ɗan allon nan da ake ƙwanƙwasawa a farkon kowace ɗauka ba, wanda da shi ake daidaita hoto da sauti. Aiki ya cije. Da fasahar zamani ta warware matsalar, ita Aretha da kanta ta garzaya kotu ta hana a nuna, fim ɗin bai fito ba sai bayan rasuwarta a 2018. Nan sakaci ne da kuma ra'ayin mai abu. Su ma Rolling Stones sun ɗauki wani wasa na musamman a Landan a watan Disamban 1968, suka ajiye shi har 1996. Ga kuma tsadar haƙƙin mallaka: fim mai mawaƙa talatin yana buƙatar sa hannun kamfanoni da lauyoyi masu yawa. Ana iya ƙarawa da cewa Woodstock labari ne tun kafin ya zama fim, da cunkoson motoci da taɓo da ƙarancin abinci da suka cika jaridu, bikin Harlem kuwa an yi shi lami lafiya, kuma zaman lafiya bai cika sayar da jarida ba. An ma yi fim ɗin Wattstax, taron da kamfanin Stax ya shirya a Los Angeles a 1972, inda mutane sama da dubu 100 suka shiga a kan dala ɗaya ɗaya.

Duk da haka ruwa ba ya tsami banza. Rolling Stones su suka zaɓi ɓoye nasu, kuma ɓoyewar ba ta rage su da komai ba, tunda akwai wasu fina-finan da ke ɗauke da su. Tulchin kuwa so yake ya sayar, kaya a hannu, sunaye manya, aka rasa mai saye. Cooke ma ba shi ya kulle faifansa shekara 22 ba. A duka biyun wani ne a ofis ya auna ya yanke cewa baƙar fata a cikin nasa yanayi, a gaban nasa mutane, ba haja ba ce. Ba lallai ne mutumin ya kasance mai ƙiyayya a zuci ba. Ya isa a ce lissafinsa ya ginu a kan wane ne ke da kuɗin shiga silima. Illar ita ce lissafin ciniki na shekara guda ya rikiɗe ya zama hukuncin tarihi, har tsara biyu suka tashi suna ɗaukar 1969 a matsayin shekarar matasa fararen fata masu dogon gashi, soul kuwa ɗan rakiya.

Tsanin bai ƙare a kan baƙaƙen Amurka ba, akwai matakala a ƙarƙashinsu. A ranar 6 ga Maris, 1971, cikar ƙasar Gana shekara 14 da samun 'yanci, an yi wasan Soul to Soul a dandalin Black Star na birnin Akara. Wilson Pickett da Ike da Tina Turner da Staple Singers da Roberta Flack da Santana suka kwana suna kiɗa har asuba. Makaɗan Gana ma sun hau dandamalin, amma fim ɗin da ya fito labarin baƙi ne da suka zo ganin tushensu, 'yan gida kuwa rabonsu kaɗan ne.

Na Kinshasa ya fi fitowa fili. A watan Satumban 1974, Hugh Masekela da abokinsa Stewart Levine suka shirya wasan kwana uku a matsayin share fagen damben Muhammad Ali da George Foreman. Foreman ya ji rauni a wurin atisaye, aka ɗage damben zuwa 30 ga Oktoba, kiɗa kuwa aka yi shi a kan lokaci. James Brown da B.B. King da Bill Withers suka zo daga Amurka. Masu masaukin su ne Franco da ƙungiyarsa ta O.K. Jazz, da Tabu Ley Rochereau, da Abeti Masikini, ga kuma Miriam Makeba, mutanen da a lokacin faya-fayensu ke zagaya nahiyar daga gaɓa zuwa gaɓa. An ɗauki komai, sannan rigimar kuɗi ta danne hotunan. Fim ɗin damben ya fito a 1996, ya ci Oscar. Na kiɗan, Soul Power, ya fito a 2008, James Brown ne tauraronsa, Franco da Tabu Ley suka sami 'yan mintoci. Faifan da ya tattara wasannin mawaƙan Afirka su kaɗai bai shiga kasuwa ba sai 2017, shekara 43 bayan taron. A lokacin Franco ya rasu tun 1989, Abeti a 1994, Makeba a 2008, Tabu Ley a 2013. Masekela ya ga fitowar faifan, ya bi su a watan Janairun 2018.